Hatsin ƙarƙashin tabarma

A wani ƙauye na ƙasar Tasawa, cikin jihar Maraɗi, an yi wani tsoho manomi. Shi kanshi bai san shekarar da aka haife shi ba. Katinshi na ɗan ƙasa ya ce wajen 1944 ne. Abin da ya sani shi ne, lokacin da Nijar ta samu mulkin kai a 1960, ya riga ya isa riƙon hauya. Ya yi noman gyaɗa zamanin da gyaɗa ke da kuɗi. Ya ga fari na 1973. Ya ga yunwar 1984, wadda mutanen wannan yanki ke kira El Buhari, don ta zo daidai lokacin da Janar Buhari ya rufe iyakar Najeriya, hatsi ya daina ƙetarowa. A cikin wannan yunwa ya sayar da shanun nomanshi biyu, ya kuma binne autarshi, yarinya ƴar shekara 3.

Mutum ne mai lissafi. In ya dubi gona sau ɗaya, sai ya faɗi yawan damman da za a ɗaure, kuma da wuya ya kuskure da biyar. In rikicin iyakar gona ya tashi, shi mai gari ke aika wa, don ya san gawon da ke na wane, ya san gambar da kakan wane ya dasa. Mutum ne kuma mai kunya. Shekara 50 bai taɓa faɗin sunan ɗanshi na fari ba. Matar ɗan nan kuwa, in ta kawo fura ta durƙusa, kanshi a sunkuye yake amsa gaisuwarta. Tun da mai ɗakinshi ta rasu a 2019, wannan suruka ce ke kula da cinshi da wankinshi.

Yadda abin ya fara

Abin ya fara a hankali, har ba mai iya cewa ga ranar da ya fara. Bayan kakar 2021, wadda ba ta yi albarka ba a wurare da yawa na ƙasa, sai aka lura tsoho yana yawan maimaita tambaya. Da safe ya ce da ɗanshi: "Dame nawa ya rage a rumbu?" A ba shi amsa. Kafin rana ta yi tsaka ya sake tambaya, sau uku, sau huɗu. Aka ce damuwar shekara ce. Daga baya ya riƙa ajiye tasbaha yana mantawa. Ya ci tuwo, a ɗauke akushi, ya ce ba a ba shi ba. A masallaci lissafin raka'a ya fara kuɓuce mashi. Wata ran kasuwa ya tafi sayen goro, sai ya tsaya kusa da rumfar mahauta, bai san hanyar gida ba. Kasuwar nan ya fi shekara 60 yana cin ta. Wani yaro ne ya riƙo hannunshi har gida.

Mutane suka ce tsufa ne. Amma a garin akwai waɗanda suka girme shi. Akwai wata tsohuwa da ido ya tafi, ba ta ko iya tashi sai an kama ta, amma ta san jikokinta duka da muryarsu, ta san wanda ta ba bashin tiya biyu bara. Tsufa yana rage gani da ji da ƙarfin gwiwa. Yana sa mutum ya manta sunan baƙo, ya tuno shi bayan baƙon ya tafi. Tsufa shi kaɗai ba ya sa mutum ya ɓata cikin kasuwar garinsu.

Ranar da gida ya tsorata sosai ita ce ranar sunan wani jika. Cikin taron maza, ana rabon goro, tsoho ya ɗaga murya ya kira ɗanshi na fari da sunanshi na yanka. Wuri ya yi tsit. Ɗan nan, mutum mai furfura a gemu, ya sunkuyar da kai ya ce: "Na'am, Baba." Da dare ya kasa barci. Ya san wanda ya kira shi ba baban da ya sani ba ne.

An sace mani hatsi

Wata safiya suruka na shara a ɗakin tsoho, sai ta ɗaga tabarma. Ta tarar da hatsi zube. Ta tarar da wani ƙulle a tsumma, wani cikin tsohon takalmi, ga busasshen tuwo cikin aljihun riga, ga kashin ɓera ko'ina. Ta kwashe, ta share ɗaki tas, tana ganin ta yi abin kirki.

Da tsoho ya shiga ya laluba bai ji komi ba, sai ya fito tsakar gida yana ihu. Mutumin da bai taɓa ɗaga ido ya dube ta ba, ya nuna ta da yatsa: "Ke ce! Ke ce ke kwashe mani hatsi kina kai gidanku. An rufe iyaka, ba hatsi a kasuwa, so kike yarinyar nan ta mutu?" Ba wanda ya gane yarinyar da yake nufi, sai ɗanshi. Autar nan ce da aka binne shekara 38 da suka wuce. A wurin tsoho shekarar El Buhari ba ta wuce ba. Yau ce.

Magana ta fita gari. Ɗiyan tsoho mata, da ke aure a wasu ƙauyuka, suka zo. Suka ce babansu bai taɓa yi ma kowa ƙazafi ba, in ya ce an sata to an sata. Daga zancen sata aka koma zancen sammu. Aka ce suruka ce ta juya mashi kai, don mijinta ya gaje gona, ita ta mallake gida. Aka je wurin boka, ya ce an binne wani abu a bakin ƙofa, ya karɓi baƙar akuya da jika 15. Aka haƙa, ba a ga komi ba. Aka yi turare, aka sha rubutu, aka kira masu bori. Kuɗi suka tafi, mantuwa na nan.

Suruka ta gaji da kallon da ake mata a bakin rijiya, ta yi yaji. Babbar ɗiyar tsoho ta zauna a madadinta. Kwana huɗu ba su cika ba tsoho ya nuna ɗiyar cikinshi da yatsa, ya ce ita ce ɓarauniyar hatsi. Daga ranar bakinta ya mutu. Ita da kanta ta shiga cikin masu biko.

Duk da haka wahala ba ta ƙare ba. Tsoho ya fara fitar dare. Wani dare cikin rani, ƙasa ƙeƙasasshiya, ya saɓi sungumi ya tafi shuka. Sai da hantsi wani makiyayi ya gan shi zaune kusa da wata rijiya marar murfi, nesa da gari. A wannan lokaci kuma an sa ranar auren jikarshi, babbar ɗiyar suruka. Dangin saurayi suka fara ja da baya. Suka ce akwai hauka a gidan, kuma hauka gado ne. Ƙanen tsoho ya kawo shawara: a sa mashi mari, a rufe shi a ɗaki, kada gari ya ƙara ganinshi.

Azumin 2024

Azumin 2024 ya faɗo cikin watan Maris da farkon Afrilu, cikin wani zafin bazara da ya gallabi ƙasashen Sahel. Tsoho ya ce shi bai taɓa shan azumi ba, ba zai fara yanzu ba. Da rana ya ƙi ruwa. Da dare, in an ba shi, ya kurɓi kaɗan ya manta da moɗa. A cikin goman ƙarshe, cikin kwana biyu kacal, ya rikice irin rikicewar da ba a taɓa gani ba. Ya ce yana ganin macizai a jikin bango. Ya fizge riga. Bai san ɗanshi ba, bai san ɗakinshi ba. Wani lokaci ya yi ta fizge-fizge, wani lokaci ya kwanta shiru kamar ba rai. Ƙanen ya ce: "Kun gani? Haukan ya gama nuna." Aka aika a kira maƙeri.

Suruka ce ta tsaya. Ta samu mijinta a zaure, ta durƙusa ta ce: "Maigida, shekara biyu da rabi ina tare da mantuwar Baba, na san tafiyarta. A hankali take zuwa. Wannan na kwana biyu ne. Jikinshi da zafi, leɓenshi ya bushe, fitsarinshi kaɗan ne kuma yana wari. Ni ke wanke tufafinshi, na sani. Kafin a kira maƙeri, a kai shi likita." Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke mashi yoyo. Da asuba aka shimfiɗa tabarma a amalanke, aka nufi gidan likita na babban gari, wanda ake kira CSI.

Majo ya duba shi. Ya tarar da zazzaɓi, amma awon jini bai nuna na sauro ba. Jiki ya bushe don rashin ruwa, kuma ƙwayoyin cuta sun shiga mafitsara. Awon hawan jini ya nuna 18 bisa 10, alhali daga 14 bisa 9 ake cewa ya hau. Aka yi mashi ƙarin ruwa, aka ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ran kwana uku macizai suka ɓace daga bango. Ya dubi ɗanshi ya ce: "Dame nawa ya rage a rumbu?" Ɗan ya yi dariya har da hawaye. Tambayar da ta ishe shi, yau ita ce ta fi komi daɗin ji.

Abin da majo ya ce

Kafin a sallame su, majo ya kira ɗan da matarshi gefe. Ya ce: "Malam, abu biyu ne ke damun Baba, kada ku haɗa su. Na ɗaya ya zo da sauri, cikin kwana biyu. Wannan daga jiki yake, shi muka yi ma magani. Da kun sa mashi mari kun rufe ƙofa, da ƙishirwa da zazzaɓi sun kashe shi, a ce hauka ne. Na biyu ya zo a hankali, cikin shekaru. Wannan ciwon ƙwaƙwalwa ne. Ba zan yi maku ƙarya ba, ba shi da maganin warkewa, kuma zai ci gaba. Amma ba sammu ba ne, ba iska ba ne, ba laifin kowa ba ne." Ya juya wurin suruka ya ce: "Inna, ke kika ceci ran surukinki."

Wannan bambanci da majo ya yi, shi ne abin da ya kamata kowane gida mai tsoho ya riƙe. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya, cikin awoyi ko ƴan kwanaki, alama ce ta ciwo a jiki. Zazzaɓin sauro na kawo ta. Ciwon huhu, ciwon mafitsara, riƙewar fitsari ga tsofaffi maza, rashin ruwa lokacin zafi ko bayan zawo, hawa ko faɗuwar sukari a jini, da wasu ƙwayoyin magani, duk suna kawo ta. Ƙwaƙwalwar tsoho ba ta da juriyar ta yaro, ƙaramin ciwo na iya birkita ta. In an yi ma ciwon magani da wuri, sau da yawa hankali na komowa inda yake. In an bari, ana iya rasa mutum.

Ita kuwa mantuwar da ke zuwa a hankali, wadda Hausawa ke kira gigin tsufa, likitoci sun daɗe da saninta. A 1906 wani likitan Jamus mai suna Alois Alzheimer ya ba da bayanin wata mata da aka kawo asibiti tana da shekara 51, tana mantuwa, tana zargin mutanen gidanta. Bayan ta rasu ya duba ƙwaƙwalwarta, ya ga ta motse, ya ga wasu dunƙule-dunƙule da zare-zare da ba a gani a ta mai lafiya. Da sunanshi ake kiran cutar, Alzaima. Ita ce ke kawo kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na gigin tsufa. Mai bi mata ita ce lalacewar jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa, wadda hawan jini da ciwon sukari ke haddasawa. Mutum ɗaya na iya samun duka biyun.

Cutar Alzaima ta kan fara cin sashen ƙwaƙwalwa da ke karɓar sabon abu ya adana. Kamar rumbu ne da bakinshi ya toshe: sabon dame ba ya shiga, tsohon da ke ƙasa yana nan. Shi ya sa tsoho ya manta tuwon da ya ci ɗazu, amma ya riƙe yunwar 1984 daram. Shi ya sa kuma yake zargi. Ya ajiye abu, ajiyar ba ta zauna a kanshi ba, ya nema bai gani ba, sai ya ɗauka an sata. Wanda ya fi kusa da shi kuwa, mai shiga ɗakinshi kullum, shi zargin ke faɗa wa. A gidaje da yawa wannan mutum suruka ce, ko ɗiya, ko mata.

Abin ba na gida ɗaya ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce a 2021 mutum miliyan 57 ke fama da wannan lalura a duniya, fiye da ninki biyu na mutanen Nijar duka. Fiye da kashi 60 cikin 100 nasu suna ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki. Kowace shekara kusan miliyan 10 ke ƙaruwa. Ba a ɗaukar cutar wurin cin abinci ko zama tare. Babban abin da ke jawo ta shi ne yawan shekaru. Irin Alzaimar da ake gado kai tsaye daga uwa ko uba bai kai 1 cikin 100 ba. Saboda haka ba hujjar fasa auren jika don kakanta ya yi gigin tsufa.

Sauran cututtukan da ake ɗora ma iska

Ba mantuwa kaɗai ake ɗora ma iska da sammu ba. Tsoho na zaune lafiya, sai baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki, magana ta sarƙe. A ce aljani ne ya mare shi. Wannan shanyewar ɓarin jiki ce: jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, kuma hawan jini ne babban sanadi. A kai shi likita a ranar, ba gobe ba.

Wata tsohuwa, bayan rasuwar miji ko tafiyar ɗiya ci-rani, ta daina cin abinci, ta daina hira, barci ya ƙaurace mata, kullum zancenta mutuwa. A ce ta saki duniya ne. Wannan ciwon baƙin ciki ne mai ɗorewa. Yana iya kama da mantuwa, amma shi yana da magani, ana warkewa.

Wani hannunshi na karkarwa ko yana hutawa, jiki ya sandare, tafiya ta zama ƴan gajerun taku. Wani likitan Landan, James Parkinson, ya ba da bayanin wannan cuta tun 1817, kuma da sunanshi ake kiranta. Akwai ƙwaya mai suna lebodofa da ke sassauta ta ƙwarai, ko da ba ta raba mutum da ita.

Wani kuma ya faɗo daga jaki ko amalanke, kai ya bugu, ya tashi kamar ba komi. Bayan ƴan makonni ya fara ruɗewa da yawan barci. Jini ne ke taruwa a hankali ƙarƙashin ƙoƙon kai. Hoton kai a babban asibiti na nuna shi, kuma aiki na fitar da shi.

Ba mai iya rarrabe waɗannan daga zaure. Aikin likita ne. Majo na gari shi ne matakin farko, shi zai tura asibitin gunduma ko na jiha in ya ga da bukata. A babban asibitin ƙasa na Yamai akwai sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa da taɓin hankali. Abin da ya kamata a guje shi ne ƙwayoyin masu talla a kasuwa, musamman na sa barci irin su diyazefam. Suna ƙara ruɗa tsoho, suna sa shi faɗuwa, ƙashin tsoho kuwa in ya karye da wuya ya ɗoru.

Rigakafi ma yana da wurinshi. A 2024 wani kwamitin masana na jaridar likitoci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 da in an magance su za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na gigin tsufa. A cikinsu akwai hawan jini, ciwon sukari, shan taba, giya, buguwar kai, rashin ji, rashin gani, zaman kaɗaici, da ƙarancin karatu tun yarinta. Ke nan mai shekara 40 da ya je aka auna jininshi, da wanda ya kai uwarshi aka cire mata yanar ido, da wanda ya bar ɗiyarshi ta zauna lakol, duk suna tanadin tsufa ne.

Yadda gida ya sake zama

Da aka komo gari, ɗan ya fara da liman. Liman ya ce wanda ciwo ya kama, da wanda hankalinshi ya gushe, addini bai ɗora masu azumi ba, kuma Alƙur'ani kanshi ya ambaci wannan mataki na tsufa a cikin surar Nahli da surar Hajji. Ya faɗi haka ran Juma'a a gaban jama'a, ba tare da kama suna ba. Mai gari ya sa aka sanar: duk wanda ya ga tsoho shi kaɗai a hanya, ya gaishe shi, ya rako shi gida, kada yaro ya bi shi da tsokana. Ɓoyon da ake yi, shi ke ciyar da tsegumi. Da aka daina ɓoyo, tsegumi ya rasa abinci.

A cikin gida aka sake abubuwa da dama. Aka ɗaura gwangwanaye a ƙyauren ƙofa, in ya taɓa da dare a ji. Aka yi ma rijiyar gida murfi. Aka ɗauke wuƙa da ashana da maganin ƙwarin gona daga inda hannunshi ke kai. Aka bar fitila a ɗakinshi, don duhu na ƙara mashi ruɗewa. Aka ɗinka ƙyalle a cikin aljihun rigarshi, da sunan gari da lambar wayar ɗanshi. Ruwa kuwa ba a jira ya tambaya, hannu da hannu ake ba shi moɗa, a tsaya har ya sha. Ƙwayar hawan jini suruka ke riƙe da ita, ta ba shi kowace safiya tare da koko.

Aka daina gardama da shi. Da, in ya ce: "Ina mai ɗakina?" sai a ce ta rasu, ya fashe da kuka kamar yau aka yi rasuwar, bayan awa ɗaya ya sake tambaya. Yanzu sai a ce: "Baba, ba mu labarin ranar da aka kawo ta." Sai fuskarshi ta saki, ya faɗi har launin zanen da ta ɗaura.

Zancen hatsi kuwa, suruka ce ta samo dabara. Ta kawo ƙwarya mai faifai, ta cika da hatsi, ta ajiye kusa da kanshi. Abin da ya ɓoye ƙarƙashin tabarma, in za ta yi shara sai ta tara ta maida wurinshi. In la'asar ta yi, lokacin da hankalinshi ya fi tashi, sai jikar nan ta zo da wasan jika da kaka: "Angona, taso ka ga rumbu, kada ka ce amaryarka ta cinye." Ta kama hannunshi, ta sa ya taɓa dame. Ya yi murmushi ya ce: "To, bana an tsira." Da rana a ba shi ɓarar gyaɗa ko tufkar igiya. Kai ya manta, amma hannu bai manta ba.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai jinyar irin wannan tsoho ba ta barcin kirki, ba ta zuwa biki, kuma zagi ne ladanta na yini. In ba a taimake ta ba, ita ma sai ta kwanta. Ɗiyan tsoho mata suka raba kwanaki, kowace ta zo ta yi mako guda, suruka ta huta. Babbarsu ta roƙi gafararta a gaban mata. Dangin saurayi suka aiko da goro. Bayan kakar 2024 aka ɗaura aure.

Da ruwan shuka ya sauka a damanar wannan shekara, ɗan ya ɗora tsoho a amalanke ya kai shi gona. Ya miƙa mashi sungumi. Tsoho bai san sunan gonar ba, bai san wanda ya kawo shi ba. Amma ya yi sara ɗaya, ya yi taku, ya yi wani, layi ya miƙe sak, jikoki na biye suna zuba iri suna takewa. Ya yi layi biyu ya gaji, aka zaunar da shi gindin gawo.

Daga nan ƙarfi ya yi ta raguwa. Magana ta ragu, tafiya ta gagara, sai an ba shi abinci a baki, sai an juya shi a shimfiɗa don kada baya ya yi gyambo. Wata safiya cikin sanyin farkon 2025, suruka ta durƙusa da ƙwaryar fura. Ya daɗe yana dubanta, ya ce: "Ke wace ce?" Ta ce: "Mai kawo maka fura ce, Baba." Ya ce: "Allah shi yi maki albarka. Akwai hatsi ƙarƙashin tabarma. Ki ɗiba ki kai ma yaranki, shekarar nan da wuya." Bayan kwana tara ya cika, a ɗakinshi, cikin iyalinshi, ba mari a ƙafarshi.

Jama'a, a garinku ma akwai irin wannan tsoho, ko irin wannan tsohuwa da aka fara nunawa da baki ana cewa mayya ce don tana yawon dare tana sambatu. Ku dubi yadda abin ya zo. In farat ɗaya ne, ku ɗaura amalanke a ranar. In a hankali ne, ku kai a duba, sannan ku yi shirin doguwar jinya, ku kama ma mai jinya. Kada ku nemi mai laifi a cikin gida, babu shi. Wanda ya ɓoye hatsi don ɗiyanshi a shekarar yunwa, bai cancanci ƙarfe a ƙafa ba ranar da ya manta sunansu.

Allah shi jiƙan wannan tsoho, shi saka ma masu jinya da alheri, shi sa a gama da iyaye lafiya.